An ciro kaluluwa takwas kacal a aikin Babanmu, shin a sake yanka shi?

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina zaune a Tudun Wada, nan Zariya. Mahaifinmu tela ne, shekararsa 57. Ya fi shekara yana ganin jini in ya zaga, mu kuma muna ta haɗa shi da maganin basir, na kemis da na masu talla a mota. Yau kwana 30 ke nan da cikinsa ya kumbura, kwana uku ba bayan gida, ko iska ba ta fita, sai amai. Muka kai shi wani asibiti cikin dare, aka ce hanji ne ya toshe, aka shiga da shi tiyata, aka yanke wani sashe na babban hanjinsa aka haɗe sauran. Shekaranjiya sakamakon gwajin naman ya fito, an ce ciwon daji ne. A takardar na ga an rubuta T3, N0, da kuma 0/8. Likitan ya ce an samu kaluluwa takwas, babu wadda cutar ta taɓa, mu gode wa Allah, ya kuma ba mu takardar zuwa wurin likitan daji.

Da na tura wa Yayanmu da ke aiki a Abuja hoton takardar, sai ya kira cikin faɗa. Wai ya duba a intanet ya ga ƙa'ida sai an ciro 12, don haka an bar huɗu a ciki, likitan ya yi aikin ganin dama, kuma waɗanda aka ciro wa kaɗan ba sa daɗewa. Yana so a sayar da gonar gado a kai Baba Masar a sake aikin. Baffanmu kuma cewa yake tun farko kuskure aka yi da aka bari ƙarfe ya taɓa shi, a nemi na gargajiya kawai. Umma ta hana a faɗa wa Baba sunan cutar, shi dai ya san hanjinsa ya toshe an gyara. Ni ce mai jinyarsa, ni yake tambaya kullum, "Me takardar ta ce?" Ba na iya barci. Don Allah, huɗun nan da ba a ciro ba su ne za su raba mu da mahaifinmu? Me za mu yi?

Wata 'yar uwa daga Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah Ya tashi kafaɗun Baba, Ya ba ki ladan wannan kwanan zaune.

Zan fara da abin da ya hana ki barci. Babu wasu kaluluwa huɗu da aka gani aka bari a cikin Baba. Sha biyun da Yayanki ya karanta ba ita ce ƙidayar da Allah Ya yi wa kowane hanji ba, balle a ce an ciro takwas saura huɗu. Wani mutum, kaluluwa biyar za a samu a sashen da aka yanke masa, wani arba'in. Sha biyu ma'auni ne da likitoci suka aza wa kansu, cewa in an duba aƙalla haka aka ga babu cutar, to zuciya ta fi natsuwa da sakamakon. Takardar Baba labari mai daɗi ta kawo, sai dai shaidun da suka tsaya mata ba su kai yawan da ake so ba. Akwai abin da ake yi a kan haka, kuma lokacin yinsa yana tafiya. Shi ya sa nake so ki karanta wannan amsa a natse, ki kuma tura wa Yaya ita.

Kin san kaluluwa, wadda ke fito wa mutum a hammata ko a matse-matsi idan ya ji ciwo a hannu ko a ƙafa. Irinta ɗaruruwa ne a jikin ɗan Adam, aikinsu tace ruwan da ke gangarowa daga gaɓoɓi, su tare ƙwayoyin cuta. Hanji ma yana da nasa. Duk wadda ta taɓa gyaran kayan cikin rago ranar layya ta san wani shimfiɗaɗɗen kitse mai kama da mafici wanda hanji ke manne a bakinsa, jijiyoyin jini sun ratsa shi. In kika murza shi tsakanin yatsunki za ki ji wasu 'yan gudaji kamar ƙwayar wake. To su ne. Daji idan zai bar hanji, galibi a nan yake fara yada zango. Wannan ne ya sa likitan fiɗa ba ya tsayawa ga ƙarin kaɗai. Yakan ɗauke shi tare da lafiyayyen hanji ta gaba da ta baya, da wannan kitse har gindin jijiyar da ke ciyar da wurin, duka a dunƙule ɗaya. Ba ya ƙirga kaluluwa a ɗakin tiyata, domin yawancinsu a binne suke cikin kitse, ido ba ya ganinsu. A ɗakin gwaje-gwaje ake ƙirgar, bayan an jiƙa naman a ruwan magani ya yi tauri. Likitan gwajin nama zai zauna ya yanyanka kitsen siriri-siriri, yana lalube da yatsa, yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, wasu ba su fi ƙwayar gero girma ba, sannan ya duba kowace a ƙarƙashin madubin likita. Ke nan lambar nan takwas ta biyo ta hannun mutum biyu, wanda ya yanko da wanda ya tsinto, kuma jikin Baba shi ma yana da nasa kason a ciki.

Yanzu ɗauko takardar mu karanta tare. T3 na nufin ƙarin ya ratsa naman bangon hanji ya taɓa kitsen da ke bayansa, amma bai fasa waje ba, bai kuma kama wata gaɓa ba. N0 da 0/8 magana ɗaya ce: an duba takwas, ba a samu cutar a ko ɗaya ba. Idan hoto ya nuna hanta da huhu lafiya lau, wannan shi ake kira mataki na biyu cikin huɗu. Da an samu cutar ko a ƙwaya ɗaya ce, da ya zama mataki na uku, kuma a can ba a doguwar shawara, ana bin aikin da maganin kashe ƙwayoyin daji da ake kira kemo, domin an tabbatar yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kin ga yadda ƙwaya ɗaya tak take iya canza hanyar magani gaba ɗaya. Daga nan damuwar likitoci ta taso, har wani kwamitin masana ya ba da shawarar sha biyun nan a taron likitocin ciki na duniya da aka yi a birnin Sidni na Ostireliya a 1990, manyan ƙungiyoyin likitocin daji kuma suka ɗauka.

Ki ƙaddara kin je kasuwar Sabon Gari sayen buhun wake. Kika zura hannu sau uku kika ɗebo, ba ki ga ƙwaro ba. Wata ta zura sau ashirin, sama da ƙasa da tsakiya, ita ma ba ta gani ba. Ku duka kun ce waken lafiya yake, amma maganar wa aka fi dogara da ita? Haka abin yake. Tsoron da ake ji ga wanda aka duba wa kaɗan shi ne kada a ce masa mataki na biyu alhali na uku ne, a sallame shi ba tare da maganin da ya kamace shi ba. Ta gefe ɗaya misalin bai cika ba, domin kaluluwar da cutar ta riga ta shiga, cire ta ma magani ne, shi ya sa iya aikin mai fiɗa yake da muhimmanci.

Ban so a yi wa Yayanki kallon mai neman fitina. Abin da ya karanta yana da tushe. Bincike da yawa sun nuna cewa a jimlace waɗanda aka samu kaluluwa masu yawa a aikinsu sun fi daɗewa a raye. Amma da aka bi diddigin dalili sai aka ga ba guda ɗaya ba ne. Akwai wancan na kuskuren mataki da na faɗa miki. Akwai cewa asibitin da ke kula da ƙirgar nan galibi yana kula da sauran abubuwa ma. Sannan akwai na jikin mara lafiyan kansa: wanda garkuwar jikinsa ta tashi tana faɗa da ƙarin, kaluluwarsa kan kumbura ta yi sauƙin samu, kuma irin wannan jiki dama ya fi cin galaba a kan cutar. A Amurka an duba bayanan shekara 20, daga 1988 zuwa 2008. Waɗanda aka duba wa 12 ko fiye sun tashi daga kusan kashi 35 cikin ɗari zuwa sama da 70, amma waɗanda aka samu cutar a kaluluwarsu suna nan wajen kashi 40, kusan ba su motsa ba. Wato ƙara yawan ƙirga bai tono ɓoyayyun cututtuka masu yawa kamar yadda aka zata ba. Kuma adadin yakan bambanta ko da hannu ɗaya ne ya yi aikin: matasa sun fi tsofaffi, ɓangaren dama na hanji ya fi na hagu. Ga masu karatu da aka yi wa ɗan uwansu gashin daji da hasken na'ura kafin aikin dubura, su sani cewa gashin yana ƙanƙantar da kaluluwa, samun kaɗan a wurinsu abu ne da aka saba gani.

Game da likitan da ya yi aikin, ina roƙon a sassauta harshe har a ga hujja. Gaskiya ne a Jamus da Japan an inganta hanyoyin ɗebo kitsen nan har tushe, ana kuma samun ashirin ko talatin. Amma wannan a aikin da aka shirya ne, an yi hoto, an wanke hanji, an zaɓi rana. Baba cikin dare aka kai shi, hanji a kumbure kamar zai fashe, jiki ya bushe da amai. A irin wannan hali abu na farko shi ne a fito da mutum da rai, kuma ya fito, an ma haɗe masa hanji ba a bar shi da jakar bayan gida a ciki ba. Likitan bai ɓoye muku adadin ba, ya kuma tura ku inda ya dace. Ba na cewa aikin ba shi da aibi, ban gani ba. Ina cewa lamba takwas ita kaɗai ba ta isa a yanke masa hukunci ba. Ki koma wurinsa cikin mutunci ki roƙi kofin bayanin aikin, inda ya rubuta tsawon hanjin da ya yanke da inda ya ɗaure jijiya. Haƙƙinku ne, kuma likitocin da za ku je wurinsu za su buƙace shi.

Sake buɗe ciki don kawai a ƙaro kaluluwa ba abin da ake yi ba ne, a nan ko a Masar ko a Indiya, matuƙar bakin hanjin da aka yanke ya fita ba cuta. Wata ɗaya bayan tiyata ciki a manne yake, ɗinkin hanji bai gama ƙwari ba, haɗarin ya fi amfanin. Wuri ɗaya ne ake sake tunani, shi ne in bayanin aikin ya nuna ɗan guntun hanji kawai aka cire ba a ɗebo kitsen ba, ko kuma takardar gwaji ta ce an samu cutar a bakin yankan. Ki duba takardar, akwai layin da ya yi magana a kan haka, ki sa likita ya nuna miki shi da yatsa. Ko a wannan halin ma, taron likitoci ne zai yanke, mai fiɗa da na daji da na hoto da na gwajin nama, su zauna a kan fayil ɗin Baba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kwana 30 ɗin nan. Idan za a yi kemo bayan aiki, an fi so a fara cikin mako shida zuwa takwas, in aka wuce haka amfaninsa yana raguwa. Abin da ya rage muku bai cika mako huɗu ba. Neman mai sayen gona, fasfo, biza, kuɗin jirgi, duk za su cinye wannan lokaci, a je can kuma a faɗa muku abin da za a faɗa muku a Shika. Allah Ya hutar da ku tafiya mai nisa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Shika yana da sashen masu cutar daji da sashen gwajin nama, mutane daga jihohi da dama nan suke zuwa. Wannan makon ki kai takardar turawar nan a ba ku rana, ki gaya musu ranar da aka yi aikin tun a bakin tebur don su san agogo na tafiya.

Kafin ranar, ki je ɗakin gwajin da ya fitar da sakamakon, ta hannun likitan da ya yi aikin, ki roƙi a sake lalube sauran kitsen in ba a zubar ba. Ana yin haka, kuma sau da yawa ana ƙaro wasu 'yan ƙanana da suka ɓuya, akwai ma ruwan magani da ake jiƙa kitsen don su fito fili. Ba a ajiye naman har abada, don haka kada ki bari ya kwana biyu. In hakan bai yiwu ba, a ba ku aron gilasan da aka duba da 'yan dunƙulen naman da aka adana, wani likitan ya sake dubawa. Sannan a yi wa Baba hoton CT na ƙirji da ciki in ba a yi ba, da gwajin jini na CEA, wani sinadari da kan ƙaru a jinin mai wannan cuta, wanda za a riƙa auna shi da shi nan gaba.

A wurin likitan daji za ki ji an ce Baba yana mataki na biyu mai alamun haɗari. Kada kalmar ta firgita ki. Alamomi biyu yake da su a abin da kika rubuto, ƙarancin kaluluwar da aka duba da kuma zuwa da toshewar hanji. A irin haka akan tattauna ba da kemo don rigakafin dawowar cutar. Zan gaya miki gaskiya, a mataki na biyu amfanin da kemo ke kawowa ba shi da yawa, mutum ƙalilan ne cikin ɗari yake tsamowa, domin yawancinsu aikin kaɗai ya riga ya warkar da su. Amma ga mai alamun haɗari, ribar ta fi ta wanda ba shi da su, kuma ni da a ce mahaifina ne, jikinsa da ƙwari, da na karkata ga a yi. Ki tambaya ko za a iya yi wa naman gwajin da ake kira MMR ko MSI, domin akwai nau'in ƙarin da dama yana da kyakkyawan ƙarshe kuma ƙwayoyin kemo su kaɗai ba sa ƙara masa komai.

Maganin iri biyu ne aka fi amfani da su. Akwai ƙwayar kapesitabin da ake sha safe da yamma bayan cin abinci, kwana 14 a huta 7, har wata shida. Takan kawo gudawa, da zafi ko ɗayewar tafin hannu da na ƙafa. Wani lokaci akan haɗa ta da okzaliplatin, wanda ake sawa a ƙarin ruwa duk mako uku, na wata uku ko shida. Shi wannan na biyun yana taɓa jijiyoyin yatsu. Mutum ya taɓa ruwan randa da asubar hunturu, irin sanyin nan namu na Zariya, sai ya ji kamar an tsikare shi da allurai, ga wasu kuma yatsun kan sage har bayan an gama magani, wani lokaci ma abin ya zauna. Da na karanta cewa Baba tela ne, nan hankalina ya tsaya. Mutumin da abincinsa ke cikin zura zare a allura da jin kaurin yadi a yatsa, shi ne ya kamata a tambaya ko ya yarda ya ɗauki wannan kasadar saboda ɗan ƙarin kariya. Ba ke ba, ba Yaya ba, ba Umma ba.

Ke nan dole a gaya masa. Na fahimci Umma sarai. Shekaru nawa tana tare da mutumin nan, ta san abin da ke karya masa zuciya, kuma a wurin mutanenmu jin kalmar daji kamar jin an fara haƙa kabari ne. Ƙauna ce ta sa ta hana. Amma ki duba, mutumin da ke tambayarki kullum me takarda ta ce ya riga ya ga fuskokinku, ya ji ana yin shiru in ya shigo. Abin da yake saƙawa a ransa cikin dare mai yiwuwa ya fi gaskiyar muni. Kuma ba yadda za a yi a kai shi sashen masu daji, a ba shi ƙwayoyi na wata shida, a ce masa na basir ne. Ranar da ya ji gudawa ko zafin hannu zai ajiye su, don bai san abin da suke tsare masa ba. Ga gona kuma, yana raye da hankalinsa ake maganar sayar da ita bai sani ba. Ki zauna da Umma ku biyu, kada ki ce mata ta yi kuskure. Ki ce mata labarin da ke hannunku ya fi abin da take tsoro kyau, kuma Baba zai fi samun ƙarfin jiki in daga bakin iyalinsa ya ji, tana zaune a gefensa. Ku fara da tambayarsa ko yana so a yi masa bayani duka ko kaɗan-kaɗan. Sannan a faɗa masa a sauƙaƙe: Baba, abin da ya toshe hanjin ƙari ne, mugun iri, amma an cire shi, kuma inda aka duba ba a ga ya bazu ba, saura maganin hana shi dawowa. In kun ji ba za ku iya ba, ku roƙi likita ya faɗa kuna wurin.

Zai tambaya, kamar yadda kika tambaya, ko zai rayu. Rai na hannun Allah, amma ga abin da aka gani. A ƙididdigar Amurka, cikin mutum 100 da aka kama cutar ba ta fita daga hanji ba, kimanin 90 suna kai shekara biyar. In ta kai kaluluwar kusa, sama da 70. In ta kai hanta ko huhu, ƙasa da 20. Namu sakamakon bai kai nasu kyau ba, babban dalili kuwa shi ne yawancin mutanenmu sai cuta ta ci ƙarfinsu suke zuwa, wasu kuma su fara magani su bari a hanya. In hoton Baba ya fito lafiya, yana cikin rukunin da mafi yawansu ke warkewa, ko da kuwa an ɗauka akwai wata kaluluwa da ta kuɓuce wa ƙirga.

Baffa kuma a bi shi da girmamawa, ɗan uwansa ne yake jin tsoron rasawa. Maganar cewa ƙarfe na watsa daji ta samo asali ne daga abin da mutane suka sha gani: a kai mutum asibiti a ƙurarren lokaci, a buɗe a tarar cuta ta gama gari, ya rasu bayan 'yan makonni, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Hanjin Baba a toshe yake, da ba a yi aikin ba da kwanaki kaɗan suka rage masa. Addu'a da sadaka da tofi, a ci gaba da su, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Abin da nake tsoro shi ne jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san ƙarfinsu ba, domin suna iya taɓa hanta da ƙoda, su kuma su ne za su ɗauki nauyin kemo. Duk abin da aka kawo na sha, a nuna wa likita kafin ya shiga bakinsa.

Yaya kuwa ki ba shi aikin da zai yi, don wanda ke nesa faɗa ne yake zame masa hanyar nuna damuwa. Ya zo ranar ganin likita, ko a sa shi a waya, ya yi duk tambayoyinsa da kansa. Kuɗin da yake tunanin jirgi a tanade su, akwai hoto, akwai magani, akwai zirga-zirgar shekara biyar a gaba. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da wani shiri na rage farashin wasu magungunan daji a asibitocin koyarwa, har da na Shika, sai ku tambaya a sashen magunguna ko na Baba yana ciki. In yana da inshorar lafiya, ko ɗaya daga cikinku zai iya sa shi, a bincika. A bar gona tukuna.

Ba ki faɗa ba, amma na ji nauyin shekarar nan ta maganin basir a cikin rubutunki. Kada ki ci kanki. Gidaje nawa ne a garin nan ake yin haka yau ɗin nan, saboda kunya da kuma yadda aka saba kiran duk jinin bayan gida basir? Abin da kuka sani kuka yi, ranar da abu ya ɓaci kuma ku kuka ɗauke shi cikin dare. Yanzu ki mai da hankali ga gina masa jiki: ƙwai, kifi, wake, nono, miyar ganye, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ɗan tattaki a tsakar gida zuwa masallaci. In kika ga zazzaɓi, ko amai, ko ciki ya sake kumbura, ko ruwa na fita daga ɗinki, kada a jira gari ya waye. Ke ma ki nemi mai karɓarki ko kwana biyu ne a mako, kina da 'ya'ya uku da miji, kuma tafiyar da sauran nisa.

Ko an yi kemo ko ba a yi ba, za a bi Baba shekara biyar. Gwajin CEA duk wata uku zuwa shida, hoton CT lokaci-lokaci yadda likita ya tsara, domin in cutar za ta dawo, galibi cikin shekara ukun farko take yi, kuma in aka kama ta da wuri, ko a hanta ce, wani lokaci ana iya cirewa. Tunda aikin gaggawa aka yi, ba a samu leƙa sauran hanjin ba, don haka cikin wata uku zuwa shida a yi masa gwajin leƙen hanji da na'ura mai kyamara, wanda ake kira kolonoskofi, a tabbatar babu wani ƙari ko tsiro a wani lungun.

Wannan gwaji ya shafe ku ku ma. Duk wanda aka samu cutar a jikin mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko wanda suke ciki ɗaya, ana so ya fara leƙen hanji yana shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta ga ɗan uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa. A wurinku 40 ce. Ki gaya wa Yaya ya lissafa nasa shekarun. Baffa kuwa, in uwa ɗaya uba ɗaya suke da Baba, lokacinsa ya riga ya yi. Ki roƙe shi ya raka ku Shika a matsayinsa na babba, ya zauna ya ji bayani da kunnensa, likita ne zai fi iya gaya masa nasa.

Ki haɗa takardar sakamako, bayanin aiki, takardar turawa da duk hoton da aka taɓa yi a jaka ɗaya, ki yi kofinsu, ki rubuta ranar tiyata a saman takardar farko da babban rubutu. In kun ga likita, ki rubuto min abin da aka ce game da bakin yankan da kuma hoton hanta. Allah Ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da shi kan kekensa, Ya haɗa kanku.